Rancen Karatu: Abin Da Ya Kamata Uba Ya Auna Kafin Ɗansa Ya Ci Bashi

 Ga wata magana wadda ta shiga zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa a Rawayau da Kurfi da Dutsin-Ma tun shekarar 2024, watau maganar rancen da Gwamnatin Tarayya ke ba ɗaliban manyan makarantu. Waɗansu iyaye sun karɓe ta hannu biyu, waɗansu sun ce ko kusa 'ya'yansu ba za su taɓa ba, da yawa kuwa suna tsakiya, ba su san abin da ke cikin ƙunshin ba. Lalle magana ce da ta cancanci a zauna a warware ta, domin yaron da ya sa hannu yau yana da shekara 19, mai yiwuwa ne ya kai shekara 40 bai gama biya ba.

Yadda ake ɗaukar nauyin mai karatu a da

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga sha'anin ciyar da mai neman ilimi. Tun zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, a ƙarni na 17, almajirai ke zuwa birnin daga nesa, unguwa ta ba su masauki, gidaje su ba su tuwo. Har Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, ya fita daga wannan ƙasa ya tafi Gabas, ya rasu a Alƙahira a 1741. A makarantar allo kuwa kowa ya san tsarin: kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da noman gonar malam da damina, da ɗinkin hula da rani. Ba a rubuta wa almajiri bashi, amma ya san akwai hakki a wuyansa, kuma hanyar sauke shi ita ce in ya zama malami shi ma ya riƙe 'ya'yan waɗansu.

Da boko ya zo, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta, hukuma ce ke ɗauke da nauyin yaran, su kuwa in sun fita su koma lardunansu su yi aikin malanta ko na ofis. Haka aka ci gaba a zamanin Jihar Arewa, lokacin da Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ke Ministan Ilimi daga 1957 zuwa 1966, aka kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A wancan zamani masu takarda kaɗan ne, kujeru kuwa da yawa, saboda haka wanda ya gama karatu aiki ne ke jiransa. Wannan shi ne hoton da ya zauna a zukatan dattawa har yau, shi ya sa wani tsoho yakan yi mamaki in ya ga jikansa da digiri yana sayar da katin waya a bakin tasha.

Amma tun a wancan lokaci kuɗin karatu ya fara zama fitina. A 1978, da aka ƙara wa ɗaliban jami'a kwabo 50 a kan kuɗin abinci na kowace rana, sai tarzoma ta tashi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Kafin wannan ma, a 1972, Gwamnatin Janar Gowon ta kafa wata hukuma ta ba ɗalibai rance. Mutane suka karɓa, mafi yawa ba su mayar ba, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi don ya maye gurbinta, shi ma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Mai hankali ya riƙe wannan tarihi, domin za a komo kansa.

Yadda sabon rancen yake

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. A ran 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar rancen ɗalibai ta farko. Sai dai sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe da aiki. To, ɗan manomin Rawayau ina zai samo lauya ya tsaya masa? Da aka ga haka sai aka soke ta, aka yi sabuwa a ran 3 ga Afrilu 2024, aka cire maganar masu tsayawa da ta iyakar dukiyar gida. Hukumar da ke riƙe da asusun, wadda ake kira NELFUND, ta buɗe ƙofar neman rance ta intanet a ran 24 ga Mayu 2024.

Rancen kashi biyu ne. Na farko kuɗin makaranta, shi ba ya shiga hannun yaro, kai tsaye ake aika wa makarantar. Na biyu kuɗin guzuri, wanda aka yanka Naira 20,000 a wata a 2024, shi ne ke shiga asusun bankin ɗalibi, kuma yaro yana da ikon ya nemi na farko ya bar na biyu. An fara da makarantun Gwamnatin Tarayya, daga baya aka shigo da na jihohi. Mai nema sai ya kasance da lambar jarrabawar JAMB, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki, da shaidar cewa makarantar ta ɗauke shi.

Wajen biya kuwa, doka ta ce ba za a bi mutum ba sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. In ma'aikaci ne, uban aikinsa zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa yana aikawa. In mai sana'ar kansa ne, zai riƙa ba da irin wannan kaso daga ribarsa. Wanda lokaci ya yi bai sami abin yi ba yana iya kai takardar rantsuwa a ɗaga masa ƙafa, amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ne. Dokar ta kuma buɗe hanyar yafe bashin in mutuwa ta riski mai shi. Mafi girman magana ita ce ba a ɗora wa rancen kuɗin ruwa ba: abin da aka karɓa shi za a mayar.

Abin da malamai ke dubawa

Tambayar farko da malami zai yi ita ce ta riba, kuma amsarta ta gabata. Rancen da ba a sharɗanta ƙari a kansa ba shi ne littattafan fiƙihu ke kira rance kyakkyawa, babu saɓani a kan halaccinsa. Nan ne ya bambanta da na ƙasar Amurka, inda fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da bashin karatu da ya haura dala tiriliyan 1 da rabi, kuma ruwa na hauhawa a kansa, har akan sami wanda ya shekara 10 yana biya, uwar kuɗin na nan ba ta motsa ba.

Amma halaccin abu daban, nauyinsa daban. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya san aya mafi tsawo a cikinsa ita ce ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da a rubuta, a kuma kafa shaidu. Ya kuma san cewa a rabon gado, bayan likkafani da hidimar jana'iza, bashi ake fara fitarwa, kana wasiyya, kana magada su sami rabonsu. Shi ya sa a garuruwan nan ba a ɗaukar gawa sai an yi shela ko akwai mai bin mamaci wani abu. Saboda haka malamin da ɗansa zai ci wannan rance, abu na farko da zai cusa masa shi ne niyyar biya. Akwai wata magana da ke yawo a bakin samari, wai kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba wanda zai biya. Wannan ita ce ainihin maganar da ta kashe hukumar 1972. Asusun nan kamar adashi yake: wanda ya kwashi nasa ya ƙi zubi, na bayansa ya cuta, na bayansa kuwa ƙanensa ne da ke aji uku yau a Kurfi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai kuma maganar 'ya mace, wadda iyaye da yawa ba su lura da ita ba. A shari'a dukiyar mace tata ce, bashinta ma nata ne, ba ya komawa wuyan miji don an ɗaura aure. Yarinyar da ta ci rance ta yi karatun malanta ko unguwarzoma, in an aurar da ita ga wanda zai hana ta aiki, an bar ta da bashi ba hanyar biya. Ya kamata waliyyi ya bayyana wannan ga mai neman aure tun ranar tambaya, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, ko a bar ta ta yi aiki, ko a san wanda zai sauke mata.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya bashi sai ya san ranar da zai sayar da ribar da zai fitar. To, a ɗauki alƙalami a buga wannan misali. A ƙaddara kuɗin makarantar yaro Naira 100,000 ne a shekara, karatun kuma shekara 4 ne. An sami Naira 400,000. A ƙaddara kuma ya karɓi guzurin Naira 20,000 na wata 10 a kowace shekara. Shekara 4 ta ba da Naira 800,000. Jimla Naira 1,200,000. Mai karatu ya lura da kyau: guzurin da ake gani ƙarami, wanda yakan ƙare a shinkafa da kuɗin mota da katin waya, ya ninka kuɗin makarantar kansa.

Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanka a watan Yuli na 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. Wanda ya fara aiki a kan wannan, ushirin albashinsa Naira 7,000 ne, kuma in albashin bai motsa ba zai shekara 14 da 'yan watanni kafin ya fita. Wanda ya sami aikin Naira 150,000 zai riƙa ba da Naira 15,000, ya gama cikin shekara 6 da wata 8. Wanda kuwa ya ci kuɗin makaranta kaɗai, ya bar guzuri, ko a kan ƙaramin albashin nan bai cika shekara 5 ba zai wanke hannunsa. Waɗannan alƙaluma misali ne, kowane uba sai ya sa na makarantar ɗansa ya sake bugawa.

Akwai wata fuska kuma da 'yan kasuwa suka fi kowa sani, watau faɗuwar darajar kuɗi. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a shekara guda. Tun da yake adadin da aka ranta shi za a mayar, ba ƙari, Nairar da yaro zai biya bayan shekara 10 ba za ta kai nauyin wadda ya karɓa ba. Ta wannan gefe rancen ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga hanyoyin da manomi ya saba bi in ya matsu, kamar jinginar da gona, ko sayar da sa na huɗa, ko karɓar kuɗi da bazara a biya da hatsi da kaka a kan farashin da mai kuɗi ya yanka. Uban da zai jinginar da gonar gado don kuɗin rajista, gara ɗansa ya ci wannan rance, gona ta tsira. Balle a 'yan shekarun nan da ɓarayin daji suka hana noma a wurare da yawa na Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, rumbun da aka saba buɗewa don karatun yara ya yi ƙasa. Amma ta ɗaya gefen, wannan tsada ita ce ke cinye guzurin, don haka kada uba ya ɗauka Naira 20,000 ta sallame shi daga aika gero da wake da ƙuli-ƙuli.

A fara neman kyauta kafin rance

Ba a cin bashin abin da za a iya samu kyauta. Jihar Katsina tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'ya'yanta, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata, asusun horar da ma'aikatan man fetur, PTDF, shi ma yana ɗaukar nauyin masu karatun injiniya da kimiyya. Waɗannan ba a mayar da su, sai dai suna bukatar sakamako mai kyau da takardar shaidar ƙaramar hukuma da sa ido a kan ranar rufewa. Sau da yawa yaron ƙauye ba ƙoƙari ya rasa ba, labari ne bai iso masa ba sai an rufe.

Attajirai kuma suna da nasu rabo a nan. Cikin kashi takwas na masu cin zakka akwai matalauta da waɗanda bashi ya danne. Waƙafi kuwa tsohuwar hanya ce: tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don masu karatu da matafiyansu. In 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi na gari ɗaya suka haɗa kai suka ɗauki nauyin yara biyu ko uku a shekara, ko suka kama musu ɗaki kusa da makaranta, sun rage musu rabin bashi.

Kusanci ma dukiya ne. Mutumin Rawayau yana da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya. Yaron da ke karatu inda za a iya aika masa da tsaba ranar kasuwa ba daidai yake da wanda ke Legas ko Fatakwal ba. Sai dai a kula da wurin kwana, musamman na 'yan mata, domin a watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata 5 daga gidan da suke haya a Dutsin-Ma. Arahar ɗaki a bayan gari ba araha ba ce.

Wane karatu ne zai biya bashinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Ilimi duka mai daraja ne, amma ba kowane ilimi ne ya kamata a ci bashi dominsa ba. Fatake ba sa ɗaukar gishiri su kai Bilma. Kafin yaro ya zaɓi fanni, uba ya dubi ƙasarsa ya ga abin da ta rasa. Asibitocin karkara suna kukan rashin ma'aikatan jinya da unguwarzoma da masu gwajin jini. Makarantu suna neman malaman lissafi da kimiyya da Turanci. Ga madatsar ruwa ta Zobe a gefen Dutsin-Ma, wadda aka gama tun 1983, tana bukatar masu sanin noman rani da kiwon kifi. Ga dabbobi cike da kasuwanni, likitocinsu kuwa ƙalilan. Ga wutar hasken rana ta shiga kowane ƙauye, tana neman masu haɗawa da gyarawa. Irin waɗannan fannoni, ko gwamnati ba ta ɗauki mutum ba, yana iya buɗe nasa ya ci abinci.

Wanda kuwa aka tura shi wani fanni don kawai nan ne aka sami gurbi, ba ya so, ba ya kuma ganin inda zai kai shi, to ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗora wa kansa miliyan. Mafi muni shi ne wanda ya ci rancen shekara 2 kana ya bar karatun: ba takarda, ga bashi. Kuma kada uba ya raba ɗansa da sana'ar gida don ya shiga jami'a. Yaron da ya iya awo a rumfar ubansa, ko ɗinki, ko kiwo, in ya ƙara da takarda ya zama mai hannu biyu. Kuɗin hidimar ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa Naira 77,000 a wata aka fara biya a 2025, in mai shi ya daure ya tara rabinsa, ya isa ƙaramin jari kafin shekaru biyun nan na sauƙi su ƙare.

Tsare-tsaren da ke hana kuka

A 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasar nan cewa waɗansu makarantu sun karɓi kuɗi daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko kuwa yaro ya riga ya biya da kuɗin ubansa, na rance ya iso daga baya, mayarwa ta yi wuya. Maganin wannan shi ne abin da ayar bashi ta koyar, watau rubutu. Uba ya sa ɗansa ya buɗe littafi, ya rubuta ranar da ya nema, da adadin da aka amince, da ranar da makaranta ta karɓa, da kowane guzuri da ya shigo, ya adana rasit, a ajiye kwafi a gida cikin gafaka. Kada yaro ya ba mai shagon kwamfuta lambobinsa na sirri ya tafi ya bar shi, kada kuma ya ba kowa ko sisi don a sa sunansa, gama neman rancen ba a biyan kuɗi a kansa. In saƙo ya zo ta waya ana cewa a turo wani abu a saki kuɗi, to ɗan damfara ne.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Attajirin da ya fi kowa a kasuwa da jarin ubangida ya fara, abin da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne ya karɓi gwargwadon abin da zai iya juyawa, ya kuma mayar a kan lokaci. Haka rancen karatu yake. Malami ya tara ɗansa ya karanta masa hukuncin bashi, ɗan kasuwa ya zaunar da nasa ya buga masa lissafi, wanda ya san ɗaya ya nemi maƙwabcinsa da ya san ɗayan, kana a yi istihara a sa hannu ko a fasa. Allah ya ba yara ilimi mai amfani, ya hore musu halaliyar da za su sauke nauyi, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya.